Jirgin Ayaba Da Aka Tura Yaƙi

Bakano ba shi da wata hulɗa da teku in ba ta gyaɗa ba. Ni ma ita ta kai ni Ikko a farkon shekarun 1960, ina saurayi sabon fita daga makaranta, aka ɗauke ni akawu a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Aikin bai wuce in tsaya da littafi da fensir ina ƙirga buhunan da ake saukewa daga tarago a shigar da su sito ba, ranar lodi kuma in sake ƙirga su suna hawa jirgi. Buhunan nan na san su tun suna dala a Kano, ana jera su har sai mutum ya ɗaga kai hularsa ta faɗi. Ganinsu a bakin teku yakan rage mini kewar gida.

A wancan zamani jirgi yana da fuska. Tun yana nesa, kafin a iya karanta sunansa, leburori sun gane shi da launin bututun hayaƙinsa. Na kamfanin Elder Dempster rawaya ne, na Palm Line kore da hoton kwakwar manja, ga na Black Star na mutanen Nkrumah. Akwai kuma namu na ƙasa da aka kafa a 1959, masu sunaye irin su Dan Fodio da El Kanemi, waɗanda in na ga ɗayansu ya shigo sai in ji kamar wani ɗan'uwa ne ya iso daga Arewa. Ranar da farin jirgin nan Aureol zai tashi zuwa Liverpool da fasinja da wasiƙu, tashar takan koma kamar filin idi. Amma ni hankalina ya fi karkata ga baƙaƙen jiragen dako, masu tsatsa a haƙarƙari, waɗanda sukan yi mako guda ko fiye a tsaye ana cusa musu gyaɗa da auduga da fatu da koko, buhu bayan buhu, har ka san mai dafa abincinsu da sunansa.

Dattawa biyu ne suka riƙe ni a wurin. Ɗaya Basaro ne, shugaban akawuna na sitonmu, wanda ya yi shekaru a Sabon Garin Kano yana wa wani kamfani aiki, ya dawo da Hausa a bakinsa har da karin magana, sai dai bai taɓa iya faɗin "ƙ" ba. Ɗayan mai gadin sito ne, mutumin ƙasar Zazzau, tsohon soja tun na yaƙin Jamus na farko, wanda aka yi kewayen dutsen Mora da shi. Da azahar in zafi ya hana aiki sukan zauna a inuwar sito, ɗaya da lofensa, ɗaya da goronsa, ni kuma in tsuguna gefe. Daga bakinsu na fara jin labarin jirgin da ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Wata rana wani tsohon jirgi mai ƙona kwal ya shigo yana tari da baƙin hayaƙi, na yi masa dariya. Dattijo Basaro ya cire lofe ya ce, "Yaro, kada ka raina ɗan dako. Irin wannan ne ya hana Turawan Marina barci ina ɗan aike."

Na ce, "Baba, wannan gwangwanin?"

Ya ce, "Wanda nake faɗa maka ma ayaba aka ƙera shi ya ɗauka."

A farkon 1916, in ji shi, yana yaro mai kai takardu a ofishin Elder Dempster da ke Marina, aka wayi gari jirginsu Appam ya ɓace. Ya baro gaɓar Afirka ta Yamma zai tafi Ingila, ɗauke da fasinja, cikinsu har da Gwamnan Saliyo, Sir Edward Merewether, da wasu manyan ma'aikatan gwamnatin Najeriya, ga zinariyar Gwalkwas a ɗakin ajiya. Kwanaki suka wuce babu labari. Ba a cika shekara ba da jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da wani jirgin kamfanin, Falaba, a watan Maris na 1915, don haka kowa ya fid da rai. Ya ce ya ga mata suna zuwa ƙofar ofis kullum safiya suna tambayar mazansu masu hura wuta da masu wanke bene, ana ce musu su dawo gobe. Kwatsam sai waya ta zo cewa Appam ya ɓulla a Amurka, lafiyarsa lau, amma tutar Jamus ce a bayansa.

Iyakar abin da dattijon ya gani da idonsa ke nan. Sauran na tsinto shi ne daga baya a littattafai, bayan na dawo gida na sami sukunin zama a laburare, kuma ko'ina na duba na tarar bai ƙara gishiri ba.

An ƙera jirgin a Geestemünde ta ƙasar Jamus a 1914, aka sa masa suna Pungo. Nauyin awonsa tan 4,788, ba babba ba ne ko a zamaninsa. Wani kamfanin 'ya'yan itace na birnin Hamburg ne ya sa aka yi shi don ya riƙa kwaso ayaba daga gonakin Jamusawa da ke gindin Dutsen Kamaru, wajen Tiko. Ayaba kaya ce mai gaggawa, in aka yi jinkiri sai ta nuna ta ruɓe a hanya, shi ya sa ake yi wa jirginta inji mai ɗan sauri da manyan ɗakunan sanyi. Waɗannan abubuwa biyu su suka ja masa. Yaƙi ya tarar da shi yana sabo, Ingila ta toshe wa Jamus hanyar teku, ciniki ya tsaya.

Da farkon yaƙin Jamusawa sun gwada farautar jiragen cinikin abokan gaba da manyan jiragen fasinja masu gudu. Ba su ji da daɗi ba. Irin waɗannan jirage cin kwal gare su kamar me, kuma duk matuƙin da ya hango su daga nesa ya san ko su waye. Kaiser Wilhelm der Grosse, wanda ya taɓa zama zakaran gudu a Tekun Atlantika, tun watan Agusta na 1914 aka gama da shi a gaɓar Sahara. Sai dabara ta canza: a nemo jirgin da ba wanda zai dube shi sau biyu. A ƙarshen 1915 rundunar ruwa ta karɓe Pungo, ta ɓoye masa manyan igwa 4 masu bakin santimita 15 a bayan ƙyamaren ƙarfe da ake iya sakewa su faɗi, ta ƙara masa wata igwa a baya, da bututun harba tofido 2, ta cika ɗakunan ayaba da nakiyoyin ruwa 500. Aka sake masa suna Möwe, aka damƙa shi a hannun wani ɗan sarauta, Graf Nikolaus zu Dohna-Schlodien. Jakin dako ne aka ɗaura wa sirdin yaƙi, aka lulluɓe sirdin da mangala don kada a gane.

Ya fita daga Wilhelmshaven ranar 29 ga Disamba 1915 cikin shigar jirgin ƙasar da ba ruwanta da yaƙin. Cikin sanyi da hadari ya zuba nakiyoyi sama da 250 a arewacin Sikotilan. Ranar 6 ga Janairu 1916 babban jirgin yaƙin Ingila King Edward VII ya taka ɗaya, ya yi awoyi yana shan ruwa, ya kife. Jirgin da aka kashe wa dukiya mai yawa, mai ɗauke da sunan sarkin Ingila, ɗan dakon ayaba ya kai shi ƙasa ba tare da sun ko ga juna ba. Sauran nakiyoyin ya zube su a gaɓar Faransa, ya miƙa cikin Atlantika.

Yadda yake farauta abin tsoro ne don sauƙinsa. Zai biyo hanyar da jiragen ciniki ke bi, yana tafe a hankali kamar kowa. In ya matso sai a ɗaga tutar yaƙin Jamus, ƙyamaren su faɗi, bakunan igwa su bayyana, a harba ɗaya a gaban jirgin, a yi masa alama ya tsaya kuma kada ya taɓa na'urar waya. Sai a aika kwalekwale, a kwaso mutanen, a ɗebi abinci da takardu, a dasa nakiya a gindin jirgin. Kwal shi ne ran tafiyar gaba ɗaya. Da ya kama wani jirgi mai suna Corbridge cike da kwal bai nutsar da shi ba, sai ya tura shi ya jira a wani lungu na gaɓar arewacin Birazil, inda suka haɗu aka yi kwanaki ana juye kwal da kwando cikin zafi. Tsakanin kamu da kamu kuwa ma'aikatansa fenti suke sha, yau a sake masa launi, gobe a canza masa suna.

Ranar 15 ga Janairu ya ci karo da Appam. Dohna ya kwashe zinariyar, wadda aka ƙiyasta ta kai mark miliyan 1, ya saki wasu Jamusawa da aka kamo a Kamaru ake kai su Ingila a tsare, sannan ya tara fursunonin jiragen da ya riga ya nutsar ya zuba su ciki. Wani hafsa mai suna Hans Berg, da 'yan mutane ƙalilan, ya ja Appam da mutum fiye da 400 ya tsallaka teku da shi, ya shiga Hampton Roads a jihar Virginia ranar 1 ga Fabrairu. Amurka ba ta shiga yaƙin ba tukuna. Aka sallami mutanen, jirgin kuma ya zama abin shari'a har Kotun Ƙolin Amurka, wadda a watan Maris na 1917 ta ce a mayar wa masu shi. Appam ya dawo hanyarsa ta Ikko, ya yi aiki har 1936. Dattijo Basaro ya ce shi da kansa ya sha kai takardu cikinsa bayan yaƙi.

A nan ne tsohon soja yakan sa baki, don shi labarin teku bai dame shi ba sai an zo Kamaru. "Malam akawu," ya ce da Basaron, "lokacin da jirgin naka yake yawo a ruwa, mu muna gindin dutse muna cin kwakwa." Ban gane nauyin maganar ba sai da na jera ranakun. Duwala ta faɗi tun Satumba 1914, Garwa a Yunin 1915. Möwe ya bar gida saura kwana uku sojojin Ingila su shiga Yawunde, ranar 1 ga Janairu 1916. Yana tsakiyar teku Jamusawan da ke kan dutsen Mora suka miƙa wuya ranar 18 ga Fabrairu, bayan kewaye na kusan shekara ɗaya da rabi. Da ya koma Wilhelmshaven ranar 4 ga Maris, ana kaɗa masa take ana rataya wa kyaftin ɗinsa lambar Pour le Mérite, ƙasar da aka ƙera shi dominta ta riga ta fita daga hannun Jamus, kuma cikin waɗanda suka fitar da ita akwai ɗimbin 'yan Arewa irin mai gadinmu, da bindiga a kafaɗa ko kaya a ka. Ya dawo da labarin jirage 15, amma babu sauran gonar ayabar da zai koma wa.

Fita ta biyu ta fi ta farko ɓarna. Daga ƙarshen Nuwamba 1916 zuwa 22 ga Maris 1917 ya kama ko ya nutsar da jirage 25. Littattafai suna son wannan lissafi, su tara shi da na farko su ce kimanin jirage 40, tan sama da 180,000, babu wani jirgin farautar Jamus da ya kai shi a wancan yaƙi. Ni da na yi ƙuruciyata ina ƙirga kaya, ba haka nake karanta shi ba. Kowane jirgi a cikin arba'in ɗin nan wani akawu ya tsaya a rana ya ƙirga abin da ke cikinsa, wasu leburori sun ɗauka a gadon bayansu, wani manomi ya noma. Mount Temple na Kanada, wanda yana cikin jiragen da suka amsa kiran Titanic a 1912, ya nutse da dawakai kimanin 700 da akwatunan ƙasusuwan dabbobin zamanin da, da aka tono a Alberta za a kai gidan tarihi na Landan. Bayan kwana huɗu Georgic ya bi shi da dawakai 1,200. Duk wanda ya tashi a garin da ake hawan salla ya san abin da doki ɗaya yake a wurin mai shi. In na tuna dubu da ɗari biyu a ɗaure a cikin jirgi ruwa yana shigowa, sai in rufe littafin.

Ana yaba wa Dohna cewa yana kwashe mutane kafin ya nutsar da jirgi, kuma gaskiya ne, ya fi masu jiragen ƙarƙashin ruwa na zamaninsa tausayi nesa ba kusa ba. Fursunoni ɗari huɗu da wani abu ya aika Jamus a cikin Yarrowdale, wani jirgin da ya kama, wasu ya tura su Birazil a wani jirgin Japan. Amma inda aka yi masa gardama jini ya zuba. Clan Mactavish, da ya taso daga Ostareliya, ya mayar da wuta da 'yar igwarsa kwana ɗaya bayan kamun Appam, aka kashe masa mutum fiye da 15, galibinsu Indiyawa ma'aikatan jirgi, talakawa da suka fito neman abinci a yaƙin da ba nasu ba. Sunan Dohna kowa ya sani. Su kuwa adadi ne kawai, kamar dai matan da suke tsayawa a ƙofar ofishin Marina.

Wanda ya kusa gamawa da Möwe shi ma ɗan dako ne. Ranar 10 ga Maris 1917, a yankin tsibiran Azores, cikin teku mai hauka, ya tare Otaki, jirgin dakon nama na kamfanin Niyu Zilan, wanda igwa ɗaya tak gare shi a baya. Kyaftin Archibald Bisset Smith ya ƙi tsayawa. Suka yi ta musayar wuta a kusa da kusa, Otaki ya huda Möwe, ya kashe masa mutum 5, ya kunna wuta a rumbun kwal ɗinsa wadda ta ɗauki kwanaki kafin a kashe ta. Daga ƙarshe Otaki ya nutse da kyaftin ɗinsa, cikin mamatan har da yaro ɗan shekara 14. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Da Ingila ta so ba Smith lambar Victoria Cross a 1919, sai aka tarar doka ba ta yarda a ba farar hula ba. Sai da aka naɗa shi laftanan sojan ruwa yana kabarinsa na teku, sannan aka ba shi. Wato ɗan kasuwa bai isa a kira shi jarumi ba sai an ara masa kaki.

Shi kuwa Yarrowdale, Jamusawa suka ga dabarar ta yi daɗi, suka ɗora masa igwa suka sa masa suna Leopard. Fitarsa ta farko jiragen Ingila suka tare shi ranar 16 ga Maris 1917, ya nutse da mutanensa sama da 300, ko ɗaya bai tsira ba. Ba kullum ake kwana a gado ba.

Bayan wannan Möwe bai sake fita farauta ba. Ya ƙarasa yaƙin a Tekun Baltik yana aikin nakiyoyi, Jamus ta sha kaye, aka miƙa shi ga Ingila cikin diyyar yaƙi. Aka cire igwa, aka gyara ɗakunan sanyi, aka sa masa suna Greenbrier, aka ba kamfanin Elders & Fyffes. "Elders" ɗin nan da ke cikin sunan daga Elder Dempster ya samo asali, don da hannunsu aka kafa kamfanin a 1901. Jirgin da ya sace musu Appam ya dawo yana aiki a ƙarƙashin sunansu. Kuma me yake ɗauka? Ayaba, daga yankin Karebiyan zuwa Ingila, shekara fiye da goma, tafiya bayan tafiya.

Wannan zango shi ne mafi tsawo a rayuwarsa ta lafiya, kuma shi ne littattafai suke gamawa da shi a layi ɗaya. Jamusawa sun yi fim a kan farautarsa tun 1917, kyaftin ɗinsa ya rubuta littafi, Kaisa, sarkin Jamus, ya ɗauke shi dogari na kusa. Shekarun da jirgin ya yi yana isa tasha a kan lokaci da kayansa ba su ruɓe ba, ba wanda ya ga abin ba da labari a ciki. A wurina su ne shekarun da ya yi abin da aka haife shi dominsa. Farautar duka ba ta kai wata bakwai ba in aka haɗa fita biyun, kuma abin da ta bari ƙarfe ne a ƙasan teku da marayu a Indiya da Liverpool.

Wataƙila son zuciya ne na tsohon akawu. Na ga ƙarshen irin wannan duniya da idona. Dalar gyaɗa ta ƙare a Kano, Aureol ya daina zuwa a 1974, shekara ɗaya bayan haka ɗaruruwan jiragen siminti suka cunkushe bakin Ikko watanni suna jiran wurin tsayawa. Sannan kwantena ta zo. Yanzu jirgi yakan shigo da dare ya fita kafin wani daren, ba ka san abin da ke cikinsa ba, ba ka ga fuskar ko mutum ɗaya daga ma'aikatansa ba. Elder Dempster ya nannaɗe tabarmarsa a 1989, kamfaninmu na ƙasa ya bi shi a 1995. Dattawana biyu, Allah ya ji ƙan mai gadi, tuni ƙasa ta rufe musu ido, kuma ban ga inuwar da yaro zai tsuguna a tashar yau ya ji irin wannan hira ba.

Shi jirgin bai tsira daga yaƙi ba har ƙarshe. A 1933 wani kamfanin Jamus ya saye shi ya mayar da shi gida da suna Oldenburg, sunansa na dako na ƙarshe. Da yaƙin Hitila ya zo, yana tsoho ɗan shekara 25, aka sa shi jigilar kaya tsakanin Jamus da Norwe da suka mamaye. Wannan karon ba shi ne mafaraucin ba. Ranar 7 ga Afrilu 1945 yana laɓe a Vadheim, cikin mashigin Sognefjord, jiragen sama na Ingila da ƙawayenta samfurin Beaufighter suka same shi da rokoki, ya kama wuta ya nutse, saura wata ɗaya Jamus ta miƙa wuya. Yana nan kwance a wurin har yau, masu nutso suna zuwa daga ƙasashe daban-daban su sauka kallonsa, kuma ba na jin akwai ko ɗaya cikinsu da labarin ayaba ya kai shi can.